Yadda Za Ka Ja Wasan Cairn a Zaman Farko

Cairn wasa ne da ake yi da baki da fensir da takarda. Mutum uku ko huɗu za su zauna, kowa ya ɗauki wani mutum na ƙage ya zama shi ne bakinsa da ƙafafunsa, sai mutum ɗaya ya zama mai jan wasa. Shi zai faɗi abin da ido ke gani, abin da kunne ke ji, wanda ya tare hanya, da abin da ya biyo bayan kowace shawara da aka yanke. Ba allo, ba kati, kuma ba wanda ke cinye wani. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka tana "ga ta nan, ga ta nanku" ya riga ya san rabin abin, sai dai a nan masu sauraro su ke faɗin abin da jaruman labarin za su yi, kuma mai ba da labarin shi kansa bai san inda za a kwana ba.

Asalin irin wannan wasa daga Amurka yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda har yau shi ne mafi shahara. Matsalarsa ga sabon shiga ita ce nauyi: a bugu na biyar da ya fito a 2014, littafin 'yan wasa kaɗai ya haura shafi 300, ga kuma wasu manyan littattafai biyu na mai jan wasa. Cairn, wanda Yochai Gal ya fitar a 2020, ɗan littafi ne mai shafi ashirin da 'yan kai. Ya ɗauko tsarin faɗa da gwaji daga wasan Into the Odd na Chris McDowall, na 2014, ya ɗauko tsarin kaya daga wasan Knave na Ben Milton, na 2018, ya kai su cikin wani daji mai duhu irin na tatsuniyoyin Turai. Kyauta ake sauke shi a cairnrpg.com, kuma lasisinsa na Creative Commons ya yarda ka kwafa, ka fassara, ka gyara, muddin ka ambaci mai shi kuma ka bar naka aikin a buɗe kamar yadda ya bar nasa. Akwai bugu na biyu da ya fi girma, amma shawarata ka fara da na farkon. Za ka karance shi a zama ɗaya.

Na ja shi da ƙanwata da ɗan yayata da wani abokina, ba wanda ya taɓa jin sunan irin wannan wasa a cikinsu. Abin da na fara lura da shi shi ne ƙarancin dokokin bai rage aiki ba. Aikin da littafi mai kauri yake yi wa mai jan wasa, a nan kansa ya dawo: shi zai faɗi haɗari a fili, shi zai yanke hukunci da adalci, shi zai san lokacin da jifan dayis ba shi da amfani. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya tsaya.

Abin da za ka tanada

Takarda ɗaya da fensir ga kowane mutum, da abin gogewa, don lambobi za su yi ta canjawa. Sai dayis. Littafin yana rubuta su d4, d6, d8, d10, d12 da d20, lambar tana nufin yawan fuskokinsa. Mai fuska shida shi ne na ludo, kowane gida akwai shi, ka nemo uku. Sauran ne ke wahalar samu a kasuwanninmu. Waya tana magance wannan, don ko a Google ka rubuta d20 tare da kalmar roll zai jefa maka, amma ban so waya a tsakiyar tabarma ba, saboda da zarar an ɗauke ta saƙo ya shigo hankali ya tafi. Abin da na yi shi ne na tara marfin kwalba ashirin, na rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu da maka, na zuba a hula. Idan ana son d20 sai a zaro ɗaya ba tare da kallo ba, a duba, a mayar. Idan d8 ake so, akwai wata 'yar jaka daban mai marafe takwas, don ita aka fi buƙata a faɗa. Na d4 da d10 da d12 ba sa yawan tasowa, in sun taso sai a ware adadin daga cikin hular. Mayarwar nan kada a manta da ita, in ba haka ba lissafin ya karkace.

Akwai gidajen da ba a son ganin dayis saboda kamarsa da caca da kuma abin da malamai suka faɗa a kansa. A wannan wasa ba a sa kuɗi, ba a cin kowa, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya tara mutane. Haka kuma littafin yana da jerin tsafe-tsafe guda 100 da mutumin wasa zai iya karantawa daga wani littafi da ya tsinta. Na cire su gaba ɗaya a zamanmu, kuma wasan bai rasa komai ba, don a Cairn tsafi kaya ne kawai da ke cikin jaka, ba ginshiƙi ba ne.

Ka ware kamar awa biyu da ba salla a tsakaninsu. Bayan isha'i ya fi.

Ƙirƙirar mutum

Kada ka karanta musu dokoki. Ka miƙa wa kowa takarda ka ce ya rubuta abu uku a jere: Ƙarfi, Zafin nama, Zuciya. A littafin su ne STR da DEX da WIL. Kowanne a jefa dayis ɗin ludo uku a haɗa, abin da ya fito shi ne lambarsa, daga 3 zuwa 18, galibi wajen 10 ko 11. A bi su a jere, sannan an yarda mutum ya musanya biyu daga ciki sau ɗaya. Bayan haka a jefa dayis ɗaya, shi ne Kariya, wadda littafin ke rubutawa HP. Ka bayyana musu tun yanzu cewa Kariya ba jini ba ce, ba lafiyar jiki ba ce. Iya kauce wa sara ne, da sa'a, da sauran numfashi. Shi ya sa ɗan hutu da kurɓar ruwa ke dawo da ita duka, alhali Ƙarfin da ya ragu sai an yi kamar mako ana jinya a hannun mai magani.

Sai sana'a. Akwai jeri mai guda ashirin, a zaro marfi a ga abin da ya faɗo: maƙeri, mahauci, kafinta, maharbi, ɗan kasuwa, mai haƙa kabari, mai maganin itatuwa, da sauransu. Sana'ar ba ta ƙara lamba ko ɗaya, amma ka ɗauke ta da muhimmanci. Kafinta in ya dubi katako ya san ko zai ɗauki mutum, ba sai an gwada shi ba. Maharbi ya san sawun dabba. Akwai kuma jerin kama da hali da irin maganar mutum da masifar da ta taɓa samunsa. Ka bar su su jefa uku ko huɗu daga ciki, ba duka ba, don kada lokaci ya tafi. Ƙanwata ta samu mai maganin itatuwa mai yawan raɗa a magana, kuma daga nan har muka tashi ba ta ɗaga murya ba in tana magana da bakin matar.

Kowa yana farawa da guzurin kwana uku, da itacen haska hanya, da zinariya gwargwadon abin da dayis uku suka ba shi. Sauran kaya, makami da sulke da kayan tafiya, daga jerin littafin ake zarowa. A nan ne za ka sa kowa ya ja layi goma a takardarsa, domin gurbi goma kaɗai mutum yake da shi: shida a jakar baya, ɗaya a kowane hannu, biyu a jiki. Abu mai nauyi kamar baka ko sulken ƙarfe gurbi biyu yake ci. Wanda ya cika goman nan duka, Kariyarsa ta koma sifili. Wanda ya wuni ya kwana ba ci ko ba barci, ba ya farfaɗowa, kuma in abin ya wuce kwana ɗaya sai a rubuta masa "gajiya" a gurbi guda, kullum ana ƙarawa. Wannan layi goman shi ne mutumin. Ba aji a Cairn, ba a cewa wannan mayaƙi ne wancan ɓarawo. Abin da ka ɗauka shi ne kai, in ka ajiye takobi ka ɗauki igiya da ƙugiya ka zama wani mutum daban.

Duk wannan bai kamata ya wuce minti ashirin ba.

Doka ɗaya da za ka koya musu

Idan mutum zai yi abu mai haɗari kuma ba a san yadda zai ƙare ba, sai ya zaro d20, wannan shi ne gwaji. In abin da ya fito daidai yake da lambarsa da ta dace da abin, Ƙarfi ko Zafin nama ko Zuciya, ko ƙasa da ita, ya tsira. In ya haura, abin da ake tsoro ya faru. Lamba 1 kullum nasara ce, 20 kullum faɗuwa. Mai Ƙarfi 10 rabi da rabi yake, mai 14 yana tsira sau bakwai cikin goma, mai 6 sau uku kacal. Shi ke nan. Sauran dokokin kai za ka riƙe su, ka fito da su in lokacinsu ya yi.

Ka lura da abin da babu a takardar. Babu lambar wayo, babu ta lura. Da gangan ne. Idan ɗan wasa ya ce yana duba ƙarƙashin gado, kuma akwai akwati a wurin, to ya gan shi. Idan yana son ya shawo kan mai gadi, sai ya faɗi abin da zai ce masa, kai kuma ka auna ko mai gadin, da yunwarsa da tsoron maigidansa, zai yarda. Littafin ya nanata wa mai jan wasa, wanda yake kira Warden, cewa ya ba da bayani a yalwace, kuma gwargwadon girman haɗari gwargwadon yadda za a nuna shi a fili. Wannan ne abin da ya fi komai burge ni, kuma shi ne ya fi wuyar riƙewa, don hannu yana son ya kai ga hular a kowane motsi.

Ga yadda abin yake a aikace. Sun iso wata gadar katako a kan rafi. Na ce musu katakon ya yi baƙi don ruɓewa, na tsakiya biyu sun ɓalle, ruwan ƙasa kuma ya kawo yana gudu da ƙarfi. Ɗan yayata, wanda mutuminsa maƙeri ne mai kaya gurbi tara, ya ce, "Kawu, da gudu zan tsallake." Ban hana shi ba, ban kuma miƙa masa hular nan take ba. Na ce, "Za ka iya. Gwajin Zafin nama ne, naka 8 ne. In ka faɗi ba za ka mutu ba, amma ruwa zai tafi da jakarka da duk abin da ke ciki." Ya yi shiru yana kallon takardarsa. Sai ƙanwata ta ce cikin raɗa, "Yaya, igiyar nan tawa za ta kai wancan gefen?" Na ce za ta kai har da saura. Suka ɗaure ta a bishiya, abokina da mutuminsa ya fi kowa rashin nauyi ya ajiye jakarsa ya rarrafa ta gefen gadar inda gungumen yake, ya ɗaure ɗaya bakin, suka zurara jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, sannan kowa ya bi yana riƙe da igiya. Ban sa an zaro marfi ko ɗaya ba. Sun yi tunani, sun kawar da haɗarin, in na sa su jifa bayan haka na ci amanar dabararsu. Abin da na caje su shi ne lokaci: na ce rana ta yi ƙasa kafin su gama.

Tsarin ke nan kullum. Ka faɗi abin da ke gabansu, ka tambaya me za su yi, in akwai haɗari ka faɗi farashin faɗuwa kafin a jefa, sannan ka bar su su sake shawara in sun ga dama.

Faɗa

A yawancin irin waɗannan wasanni sai an jefa a ga ko sara ya samu. A Cairn kowane sara yana samu. Mai kai hari ya jefa dayis ɗin makaminsa kawai: wuƙa ko sanda ko kulki d6, takobi ko mashi ko gatari d8, manyan makamai na hannu biyu d10, hannu banza d4. A cire sulken wanda aka sara, wanda ba ya wuce 3 komai yawan ƙarfen da ya sa, ragowar a cire daga Kariya. In Kariya ta ƙare, abin da ya yi saura ya ci Ƙarfi, kuma nan take a yi gwajin Ƙarfi da sabuwar lambar. Wanda ya faɗi wannan gwajin ya kwanta, rarrafe kawai yake iya yi, in ba a kula da shi cikin awa ɗaya ba ya mutu.

Ka yi wannan lissafin da kanka kafin zama, don ka san abin da kake riƙe da shi. Ɗauki mutum mai Kariya 4, Ƙarfi 11, da garkuwa mai sulke 1. Ɗan fashi ya kawo masa gatari, d8 ya ba da 7. Cire 1, saura 6. Kariya 4 ta tafi, 2 ta ci Ƙarfi ya koma 9. Yanzu sai ya zaro 9 ko ƙasa, kuma damarsa ba ta kai rabi ba. Sara ɗaya ke nan. Matsakaicin Kariyar sabon mutum uku da rabi ne, matsakaicin saran takobi huɗu da rabi. Duk wanda ya shiga faɗa gaba da gaba a wannan wasa yana wasa da ransa, kuma wajibi ne ka faɗa musu haka da baki tun kafin su ga abokin gaba na farko.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. A farkon faɗa kowa ya yi gwajin Zafin nama, wanda ya tsira ya riga abokan gaba motsi. In mutane da yawa suka taru kan mutum ɗaya, a jefa dayis ɗinsu duka a ɗauki mafi girma kaɗai, ba a haɗawa. Wanda ke sara daga mummunan wuri, a ɗaure ko a cikin duhu, d4 zai jefa komai makaminsa. Wanda ya samu abokin gaba a barci ko ya yi wata dabara ta ban mamaki, d12. Abokan gaba kuma ba gumaka ba ne: da zarar na farkonsu ya faɗi sai su yi gwajin Zuciya, haka in rabinsu ya tafi, in sun faɗi su ranta a na kare. Kada ka manta da wannan, shi ke hana kowane faɗa zama kisan kiyashi.

Akwai kuma tabo. Idan sara ya kai Kariya sifili daidai, ba ƙari ba ragi, sai a duba wani jeri mai lamba 12 gwargwadon girman saran. Da gatarin nan 5 ya ba da maimakon 7, da saura 4 ne daidai, lamba ta 4 kuma karaya ce, ƙafa ko hannu ko haƙarƙari ko kai. Bayan ƙashi ya ɗinke sai mutum ya jefa dayis biyu, in sun fi Kariyarsa ta dā yawa ya ɗauki sabuwar. Ta nan ne mutum ke ƙara tauri a Cairn, ta abin da ya same shi ya rayu.

Shirya dajin

Kada ka rubuta labari. Ka zana wurare biyar a takarda ɗaya, ka haɗa su da hanyoyi, kowanne ka rubuta masa layi uku: abin da ake gani, abin da zai iya cutarwa, abin da za a iya samu. Sai dalili guda na shiga dajin. Nawa shi ne wata tsohuwa a ƙauyen masu gawayi da jikanta ya bi akuya cikin daji, kwana biyu bai dawo ba, ta ce duk wanda ya dawo da shi ta ba shi kwalkwalin marigayi mijinta. Wuraren su ne gadar nan, da bukkar da aka yi watsi da ita, da kogon kyarkeci, da rusasshiyar hasumiya mai 'yan fashi uku, da ƙafaffiyar rijiya inda yaron ya faɗa ya karye.

Kowane mai rai a takardar ka ba shi abin da yake so. 'Yan fashina yunwa suke ji, kuma ɗayansu yana da rauni a cinya da ya fara ruɓa. Wannan layi ɗayan ya fi duk lambobinsu amfani. Idan aka haɗu da wani kuma ba ka san yadda zai karɓe su ba, littafin ya ba ka mafita: ka jefa dayis biyu. Lamba 2 ƙiyayya ce, 3 zuwa 5 ɗari-ɗari, 6 zuwa 8 son sanin ko su wane ne, 9 zuwa 11 kirki, 12 taimako. A cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗowa, ɗaya tak ke ba da 2. Wato wasan da kansa yana gaya maka cewa yawancin haɗuwa da magana ake fara ta.

A hasumiyar 7 ta fito. Babbansu ya leƙo ta saman bango da baka a hannu ya ce su wane ne, me suka ɗauko. Abokina ya tambaye ni ko akwai wani abu da ya lura da shi, na ce yana jin warin rauni, kuma akwai mai nishi a ciki. Mai maganin itatuwa ta shiga ta wanke ciwon, suka ba da guzurin mutum biyu, 'yan fashin suka nuna musu inda suka ji kukan yaro da dare. Daga nan layi goman ya fara cizo. A gindin rijiyar, kusa da yaron, akwai wata ƙararrawar tagulla da za ta yi kuɗi, amma gurbi biyu take ci. Yaron kuma sai an goya shi, na yanke cewa mai goyon ba zai ɗauki jakar baya ba. Guzuri ya kusa ƙarewa, ga tafiyar kwana biyu a gaba, gajiya na jiran gurbinta. Sun daɗe suna jayayya a kan wa zai zubar da me, maƙerin yana rantsuwa ba zai bar gudumarsa ba, har suka binne ƙararrawar a gindin wata bishiya suka yi mata alama. Ba ni na shirya wannan ba. Layukan da ke takardunsu ne suka haifar da shi.

In wani abu ya taso da ba ka da amsarsa kuma sa'a ce zalla, misali ko ruwan sama zai sauko kafin su kai bukka, ka jefa dayis ɗaya a gabansu. Daga 4 zuwa sama abin ya yi musu daɗi, 3 zuwa ƙasa akasin haka. A fili za ka jefa, kuma abin da ya fito shi ne.

Inda ya gaza

Bugu na farko bai ce komai sosai kan tafiyar daji ba: awa nawa tsakanin wuri da wuri, yaushe itacen wuta ke cinyewa, sau nawa ake gamuwa da wani abu a hanya. Kai za ka yanke, kuma ka tsaya a kan abin da ka yanke. Na sa kowace hanya a taswirata rabin wuni, kowane rabin wuni kuma na jefa dayis ɗaya, in 1 ta fito wani abu ya ɓullo. Bugu na biyu ya cike wannan giɓin da tsari na musamman, in ka ji kana buƙata ka leƙa can daga baya.

Wanda ya saba da wasannin waya inda ake hawa mataki ana ƙara ƙarfi zai tambaye ka me ya samu bayan an gama. Ɗan yayata ya tambaya. Amsar ita ce kwalkwali, da abokai uku a hasumiya, da ƙararrawar da shi kaɗai da abokan tafiyarsa suka san inda take. Wasu wannan ya ishe su, wasu bai ishe su ba, gara ka faɗa tun farko.

Sannan wasan yana fifita mai baki. Tunda babu lambar da za a ɓuya a bayanta, mai kunya yana iya yin awa ɗaya bai ce uffan ba. Maganinsa a hannunka yake: bayan kowane bayani ka zaga da tambaya, ka kira sunan mutumin wasan kowa, ka fara da wanda ya fi shiru, kuma ka ba shi abin da shi kaɗai sana'arsa ta sa ya gani. Inda akwai babba da yaro a zama ɗaya, yaron zai riƙa jiran babban ya yi magana, don haka ka ce musu a cikin dajin nan shekarun da ke takarda su ne shekaru.

Littafin da Turanci yake, amma kai kaɗai ke buƙatar karanta shi. Jerin sana'o'i da na kaya da na tabo su ne kawai 'yan wasa za su taɓa, ka juya su Hausa a takarda biyu kafin ranar, lasisin ma ya ba ka dama.

Idan mutumin wani ya mutu a tsakiyar wasa, kada ka janye hukuncin, kada kuma ka bar mai shi zaune yana kallo. Ka miƙa masa dayis uku da sabuwar takarda, minti biyar sun isa, ka shigo da sabon mutumin a wuri na gaba, ɗaurarre a hasumiya ko ɓatacce a hanya. In lokaci ya cika ku tsaya a inda suka samu mafaka, ko da ba a koma ƙauye ba. Kafin kowa ya tashi ka karɓi takardunsu ka ajiye a wurinka, ka rubuta a bayan taswirarka duk hukuncin da ka yanke da ba ya cikin littafi, da sunan duk wanda suka yi wa alkawari, da abin da kowane mai rai a dajin zai yi kafin su dawo.